Ashanar da Ba Wanda Ya Yarda da Ita

*Yadda mutuwar mutum 13 a wani kwazazzabo na Montana ta sauya aikin kashe gobarar daji*

Agogon hannun James Harrison ya tsaya da ƙarfe 5:56 na yammacin 5 ga Agusta, 1949. Zafin wuta ne ya tsayar da shi, kuma da wannan agogo masu bincike suka ƙayyade lokacin da gobara ta cim ma wani ayarin masu kashe gobarar daji a kan gangaren dutse, a wurin da ake kira Mann Gulch, cikin jihar Montana ta Amurka. Mutum 16 ne a kan gangaren a wannan yammaci. Uku kaɗai suka koma gida da ransu. Biyu daga cikinsu ƙafa ce ta fisshe su, da ƙuruciya, da dacewar da suka yi da wata tsaga a jikin dutse. Na ukun, wanda shi ne jagoran ayarin, ya tsira ta hanyar da babu wanda ya taɓa koya masa. Da ya ga wuta ta kusa riskarsu, sai ya durƙusa ya ƙyasta ashana, ya cinna wa ciyawar da ke gabansa sabuwar wuta, ya shiga cikin tokarta ya kwanta. Ya yi ta kiran yaransa su zo su kwanta tare da shi. Ko ɗaya bai zo ba.

Wannan rana ta bar tambayoyi biyu, kuma daga gare su ne yawancin ƙa'idojin tsaron da masu kashe gobarar daji ke haddacewa a Amurka suka samo tushe. Ta farko ita ce me ya sa wuta ta yi abin da ta yi. Ta biyu kuwa, me ya sa mutane suka ga hanyar tsira a gabansu suka wuce ta. Tambaya ta farko ta samu amsa a ɗakunan gwaji cikin shekara 20 da 'yan kai. Ta biyu ta fi wuya, sai da aka sake asarar rayuka kafin a ba ta muhimmancin da ya kamace ta.

Dokar ƙarfe 10 na safe

Kafin a gane abin da ya kai samari ga dirowa daga jirgin sama kusa da wuta, sai an koma shekarar 1910. Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka tana da shekara biyar kacal da kafuwa lokacin da iska mai ƙarfi ta haɗe ɗimbin ƙananan gobara a jihohin Idaho da Montana, a ranakun 20 da 21 ga Agusta, suka zama abu guda. Cikin kwana biyu wutar ta lashe daji kimanin eka miliyan 3, ta kashe fiye da mutum 80, galibinsu masu aikin kashe ta. A tsakiyar wannan bala'i ne wani jami'in gandun daji mai suna Ed Pulaski ya kora mutanensa kimanin 45 cikin wani tsohon ramin haƙar ma'adinai, ya umarce su su kwanta rub da ciki, ya tsaya a bakin ramin da bindiga yana barazanar harbe duk wanda ya yi yunƙurin fita. Akasarinsu sun rayu. Har yau sunansa ake kiran kayan aikin da ya fi kowanne shahara a wannan sana'a, wani gatari mai baki biyu, gefe ɗaya na sara, ɗaya gefen kamar fartanya.

Darasin da hukumar ta ɗauka daga 1910 shi ne wuta abokiyar gaba ce da ake murƙushewa tun tana ƙarama. A 1935 aka mayar da wannan tunani doka: duk gobarar da aka kawo rahotonta, a shawo kanta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Cikas ɗin shi ne nisa. Dazuzzukan yammacin Amurka suna cikin tsaunukan da mota ba ta shiga, ma'aikaci kan kwana a hanya kafin ya isa, ya tarar wutar ta riga ta yi ƙarfi. Sai aka koma ga jirgin sama da laima. A ranar 12 ga Yuli, 1940, Rufus Robinson da Earl Cooley suka zama mutanen farko a ƙasar da suka diro da laima don kashe gobara, a wani daji na Idaho.

Aikin nasu ba na ruwa ba ne. A dajin da babu famfo babu tanki, ana kashe wuta ta hanyar yanke mata abinci. A sare rassa, a kankare ciyawa da busasshen ganye har a kai ga tsurar ƙasa, a zagaye wutar da wannan layi, ta ci abin da ke ciki ta mutu. Shekara tara masu laima suna wannan aiki, wuta ba ta taɓa kashe ko ɗaya daga cikinsu ba. Sun saba da gobarar da ake gamawa da ita kafin hantsi, sun kuma ɗauki kansu a matsayin zaratan sana'ar. Akwai wani tsari a sansaninsu na Missoula da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai a lokacin. Babu ayari na dindindin. Sunaye ne a jere bisa allo, in kira ya zo waɗanda ke sama su hau jirgi, in sun dawo sunansu ya koma ƙasa. Saboda haka mutum kan diro gaban wuta tare da jagoran da bai taɓa aiki da shi ba.

Kwazazzabo mai fuska biyu

Mann Gulch kwari ne mai zurfi da ya gangaro daga tsaunuka ya buɗe baki a gaɓar Kogin Misuri, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Helena. Gefensa na kudu cike yake da manyan itatuwa a cunkushe. Gefen arewa, wanda ya fi shan rana, doguwar ciyawa ce busasshiya da itatuwa jefi-jefi, a samansa kuma wata katangar dutse ta miƙe kamar ganuwa. Tsawa ta faɗa kan tudun kudu ranar 4 ga Agusta. Washegari ma'aunin zafi a Helena ya kai digiri 36.

Jirgi samfurin C-47 ya tashi daga Missoula da masu laima 16. Iska ta yi ta wujijjiga shi har ɗaya daga cikinsu ya galabaita ya fasa dira. Mai zaɓen wurin sauka a ranar shi ne Earl Cooley, mutumin nan na 1940. Shi da jagoran ayarin, Wagner Dodge, ɗan shekara 33, suka leƙa suka ga wuta mai faɗin eka 50 zuwa 60 a kan tudu, ba su ga abin tayar da hankali ba. Jim kaɗan bayan ƙarfe 4 mutum 15 sun sauka a saman kwazazzabon. Saboda hargitsin iska, daga can sama sosai aka jefo kayansu, suka warwatsu, aka ɓata lokaci wajen tattara su. Laimar da ke ɗauke da rediyon oba-oba ta ƙi buɗewa, rediyon ya tarwatse a ƙasa. Daga wannan lokaci ba su da hanyar jin kowa, babu kuma mai jin su.

A can suka haɗu da Harrison, ɗan shekara 20, mai gadin wani wurin shaƙatawa da ke kwarin maƙwabta, wanda ya shafe sa'o'i yana fama da wutar shi kaɗai. Shi ma tsohon mai laima ne, ya bar aikin ne saboda haɗarinsa. Galibin ayarin ba su haura shekara 25 ba, wasu ɗaliban ilmin gandun daji, wasu tsoffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Dodge ya ƙware, amma mutum ne marar yawan magana, kuma a wannan shekara an ba shi aikin gyare-gyare a sansani lokacin da ake horar da sababbin ɗauka. Da yawansu ba su san shi ba, shi ma bai gama riƙe sunayensu ba.

Da Dodge ya duba wutar daga kusa, bai ji daɗin yadda take ba. Ya umarci mataimakinsa, William Hellman, ya tsallaka da mutane gefen arewa su gangara wajen kogi. Dabarar mai ma'ana ce: su sa ruwa a bayansu, su tunkari wutar daga gefe, in abu ya ɓaci su faɗa kogi. Shi da Harrison suka koma wurin kaya suka ɗan ci abinci, sannan suka bi sahu, suka cim ma ayarin wajen ƙarfe 5:40. Babu alamar tsoro a tare da samarin. Ɗaya daga cikinsu, David Navon, har tsayawa ya yi yana ɗaukar hoton wutar da ke ci a tsallake.

Minti 11

Wajen ƙarfe 5:45 Dodge, wanda ke kan gaba, ya hango abin da na baya ba su gani ba. Iska ta kwaso garwashi daga tudun kudu ta tsallakar da shi ƙasan kwarin, wuta ta kama a gefensu, tsakaninsu da kogi, tana hawowa. Hanyar ruwa ta toshe. Ya juya da ayarin suka nufi sama a karkace, zuwa ga katangar dutse, ba tare da ya tsaya dogon bayani ba.

Tseren da suka shiga ba na cin nasara ba ne. Wuta ta fi gudu a hawa, domin harshenta kan kwanta jikin gangare ya gasa abin da ke gabanta tun kafin ta iso. Mutum kuwa hawa ke karya masa gudu. A wasu wurare gangaren Mann Gulch kan ɗaga mita 76 a cikin kowace mita 100. Ga iska na turo wutar daga kogi, ga shi ta fita daga itatuwa ta shiga ciyawa. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar daji da hunturu ya san busasshiyar ciyawa ba ta jira. Lissafin da aka yi daga baya ya nuna cewa a mintunan ƙarshe wutar na cin kimanin mita 200 a minti ɗaya.

Wajen ƙarfe 5:53 Dodge ya ce kowa ya zubar da kayan aiki. Wasu suka zubar, wasu suka ci gaba da riƙo. Eldon Diettert, wanda a ranar ya cika shekara 19, yana gudu da shebur da gatari har sai da Walter Rumsey ya karɓe shebur ɗin ya jingine shi jikin itace. Gaba kaɗan suka wuce Harrison a zaune, gajiya ta cinye shi, jakarsa mai nauyi na goye a bayansa bai ko yi yunƙurin sauke ta ba.

Bayan kamar minti biyu Dodge ya tabbata ba za su kai saman tudu ba. Nan ya ƙyasta ashanar. Hikimar abin a bayyane take ga mai zaune cikin natsuwa: wuta ba ta cin wurin da wuta ta riga ta ci. Ciyawa kan ƙone cikin daƙiƙoƙi ta bar fili, babbar wutar in ta iso sai ta rabu biyu ta zagaye shi. Kwanciya rub da ciki kuma tana kare abin da ya fi saurin kashe mutum, wato shaƙar iska mai ƙuna da ke dafa maƙogwaro da huhu, domin 'yar iskar da ta rage mai sanyi tana dab da ƙasa. Ƙabilun asali na filayen ciyawar Amurka sun san wannan dabara tun da daɗewa, sai dai ba ta cikin horon hukumar. Abin da samarin suka gani shi ne mutumin da ba su sani ba yana ƙara wuta a gabansu alhali wata na binsu a baya. Dodge ya shaida daga baya cewa ya ji wani ya yi ashar ya ce shi kam ficewa zai yi. Sai kowa ya yi ta kansa.

Dodge ya jiƙa hankicinsa ya rufe baki, ya kifa fuska cikin toka mai zafi. Ya ce guguwar wutar ta ɗaga shi daga ƙasa fiye da sau ɗaya kafin ta wuce. Rumsey da Robert Sallee, ɗan shekara 17 da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi aiki, sun miƙe tsaye zuwa katangar, suka dace da tsaga suka kutsa, suka fake a wani fili na tsakuwa da duwatsu a bayan tudun. Diettert ya iso katangar tare da su, amma ya bi gefenta yana neman wata kafa, bai samu ba. Hellman da Joseph Sylvia an same su da rai cikin mummunar ƙuna, suka cika washegari a asibitin Helena. Sai da mutum 450 suka yi kwana biyar kafin su shawo kan gobarar.

Zargi

Kwamitin binciken hukumar ya wanke Dodge, ya ce da mutanen sun bi umarninsa da sun rayu. Ba kowa ya gamsu ba. Mahaifin Henry Thol, ɗaya daga cikin mamatan, tsohon jami'in gandun daji ne da ya san wuta. Ya taka gangaren da ƙafarsa, ya kafe kan cewa wutar Dodge ce ta tare wa yaran hanya. Wasu iyaye sun kai ƙara kotu, ƙarar ba ta yi nasara ba. Dodge ya rasu a 1955 sakamakon ciwon daji, da wannan zargi a kansa.

Akwai wanda ya so ya warware gardamar da ilmi. Harry Gisborne, jagaban binciken halayyar wuta a hukumar, ya je Mann Gulch a ranar 9 ga Nuwamba, 1949, duk da ciwon zuciyar da yake fama da shi, don ya gane yadda wutar ta tsallake kwarin. A kan hanyar dawowa zuciyarsa ta tsaya, ya rasu a wurin. Sai bayan shekara 40 da 'yan kai, a 1993, masanin wuta Richard Rothermel ya fitar da lissafin tseren mataki-mataki, wanda ya nuna cewa babbar wutar ta fi ƙarfin gudun akasarin ayarin ko da Dodge bai ƙyasta komai ba.

Amsar tambaya ta farko

Mann Gulch ba ita ce ta ƙarshe ba. A 1953 gobarar Rattlesnake ta kashe mutum 15 a Kalifoniya, a 1956 ta Inaja ta kashe 11 a wannan jiha. A 1957 shugaban hukumar, Richard McArdle, ya kafa kwamiti ya nazarci manyan gobara 16 da suka ci rayuka cikin shekara 20. Kwamitin ya tarar kurakuran kusan iri ɗaya ne, ya tattara su ya fitar da umarni 10 da kowane ma'aikaci zai haddace kamar yadda soja ke haddace dokokin gadi. Sun ƙunshi sanin yanayin iska da hasashensa, sanin abin da wuta ke yi a kowane lokaci, tanadar hanyar gudu da mafaka tare da sanar da kowa, ajiye mai sa ido, riƙe sadarwa, da ba da umarni a fayyace har a tabbatar an fahimta. Mai bin jerin zai ga Mann Gulch a kusan kowane layi: rediyon da ya fashe, ƙasan kwarin da babu mai dubawa, umarnin da aka ji ba a gane ba. Yaƙar wuta da ƙarfi shi ne na 10, kuma da sharaɗin an fara tanadar tsaro.

A 1960 aka buɗe ɗakin gwajin wuta a Missoula, inda ake cinna wuta a cikin bututun iska ana auna ta. A nan Rothermel, wanda asalinsa injiniyan jiragen sama ne, ya fitar a 1972 da lissafin da ke hasashen saurin yaɗuwar wuta daga abubuwa huɗu: irin makamashin da ke ƙasa, danshinsa, ƙarfin iska, da tsayin gangare. Manhajojin kwamfuta da ake hasashen gobara da su a Amurka har yau a kan wannan lissafi aka gina su. Tufafi suka koma na yadin da ba ya kama wuta da sauƙi. A 1977 aka wajabta wa kowa ɗaukar tantin tsira, wani ɗan tanti na fallen alminiyom da mutum zai shige ya kwanta in wuta ta rutsa da shi. A 1978 aka soke dokar ƙarfe 10 na safe. Bayan gobarar Dude ta kashe mutum shida a Arizona a 1990, wani gogaggen jagora mai suna Paul Gleason ya taƙaita dukan ƙa'idojin zuwa huɗu da mutum zai iya tunawa ko a firgice: mai sa ido, sadarwa, hanyar gudu, mafaka.

Kayan aiki a hannu

A 1992 aka buga littafin Norman Maclean mai suna *Young Men and Fire*, shekara biyu bayan rasuwar marubucin, wanda ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa yana bin diddigin Mann Gulch. Littafin ya ja hankalin Karl Weick, masanin halayyar ƙungiyoyi a Jami'ar Michigan, wanda ya wallafa nazarinsa a 1993. A ganin Weick, ayarin ya riga ya wargaje kafin wuta ta taɓa kowa. Sun sauka da yaƙinin cewa gobarar ƙarfe 10 ce, duk abin da ya saɓa wa wannan zato suka yi ta kau da kai. Da aka ce su zubar da kaya, an raba su da abin da ke gaya musu ko su wane ne, domin mai kashe gobara da ba gatari a hannunsa mai gudun ceton rai ne kawai, kuma ba a horar da su zama haka ba. Babu tsohuwar amana tsakaninsu da Dodge da za ta sa su bi umarnin da hankalinsu bai kama ba. Pulaski ya tsare mutanensa da bindiga. Dodge murya kaɗai gare shi, cikin rugugin wuta.

Shekara ɗaya bayan wannan nazari, a ranar 6 ga Yuli, 1994, tarihi ya maimaita kansa a tsaunin Storm King da ke jihar Kolorado. Tsawa ce ta tayar da wutar kwana huɗu kafin nan. Ma'aikata na saran layi suna gangarawa cikin kurmi mai kauri, gargaɗin sauyin iska da masu hasashen yanayi suka fitar bai iso gare su ba. Wajen ƙarfe 4 na yamma iska ta taso, wuta ta tsallake kwari a ƙasansu ta hawo. Mutum 14 suka mutu, huɗu daga ciki mata. Sha biyu sun faɗi ne a kan layin da suka sara, tazarar da ba ta kai mita 100 ba daga saman tudu, da yawansu da jaka a baya, wasu da kayan aiki a kusa da hannu. Suna da rediyo, suna da tantin tsira, sun haddace umarnin nan 10. A shekarun 1980 ma an sake jera umarnin don sauƙin hadda, yaƙar wuta da ƙarfi ya dawo na farko.

Binciken hukuma ya lissafa ƙa'idojin da aka karya. Ɗaya daga cikin masu binciken, Ted Putnam, tsohon mai laima kuma masanin halayyar ɗan Adam, ya ƙi sa hannu a rahoton. Hujjarsa ita ce faɗin cewa an karya doka bai bayyana abin da ya sa ƙwararru suka karya ta ba. Ya yi lissafin cewa da sun zubar da kaya tun da suka fara gudu, da saurin da za su ƙara ya isa ya fitar da wasunsu. A 1995 ya jagoranci wani taro a Missoula kan yadda gajiya, tsoro da matsin aiki ke gurɓata shawara, Weick na cikin mahalarta. Daga wannan lokaci horo ya sauya fuska. Aka fara sa ma'aikata su gwada jefar da jaka da gudu tun a filin atisaye, don hannu ya saba kafin ranar buƙata, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Aka shigo da darussan jagoranci, aka koya wa shugaba ya faɗi abin da ya gani, abin da yake so a yi, da dalilinsa, sannan ya nemi jin ta bakin na ƙasa. Aka rubuta wa ma'aikaci haƙƙin ƙin karɓar aikin da ya ga babu tsaro a cikinsa. A farkon shekarun 2000 aka mayar da umarnin 10 bisa jerinsu na asali, yaƙar wuta ya koma ƙarshe.

Abin da ya rage

Ranar 30 ga Yuni, 2013, gobarar Yarnell Hill ta kashe mutum 19 daga ayarin Granite Mountain na birnin Prescott a Arizona. Waɗannan ba baƙin juna ba ne. Ayari ne na mutum 20 da ke aiki tare duk tsawon kakar gobara, sun san jagoransu, sun yarda da shi. Suna zaune lafiya a kan tudu, cikin wurin da wuta ta riga ta cinye, irin mafakar da Dodge ya ƙirƙira da ashana. Sai suka bar wurin suka gangara cikin kurmin da bai ƙone ba, suka nufi wani gidan gona. Hadari ya juya iska, wuta ta tare su a cikin kwari. Sun shiga tantunansu, amma tantin tsira hucin wuta yake mayarwa, ba ya jure harshenta in ta kwanta a kansa. Mai sa idonsu kaɗai ya rayu, domin yana wani wuri dabam. Rahoton hukuma ya nuna an yi kusan rabin sa'a ba wanda ya san takamaiman inda suke, kuma bai iya tantance dalilin barinsu tudun ba.

A Mann Gulch babu wanda ya bi jagora, a Yarnell kuwa an tafi tare har ƙarshe. Abin da masu horarwa suka fahimta daga haɗa biyun shi ne amanar da ake nema tana da fuska biyu. Na ƙasa ya san shugabansa sosai har ya iya bin sa cikin toka in lokaci ya ƙure, shugaba kuma ya saba da jin “a'a” daga na ƙasa tun lokaci bai ƙure ba. Lissafin Rothermel na iya faɗin inda wuta za ta kai nan da sa'a guda. Wannan amana kuwa sai an zauna tare, an ci tare, an yi gardama tare kafin ta samu.

Har yau babu hanyar mota zuwa Mann Gulch. Mai zuwa kan biyo kogi cikin kwalekwale, ko ya tako ta bayan tsauni. A kan gangaren arewa akwai alamomi 13, kowace a inda aka tsinci mai ita, a warwatse daga ƙasa zuwa sama gwargwadon nisan da ƙafa ta kai kowa. Ana kawo sababbin jagororin ayari nan a matsayin darasi. A tsayar da su inda Dodge ya juya, a tambaye su me za su ce wa mutanensu. A kai su inda aka zubar da kaya, sannan inda aka ƙyasta ashana. Daga nan wasu kan gwada hawa zuwa katangar dutsen da gudu, ana duba musu agogo.